Gaisuwar Sarauniya a Tashar 125th Street

Tana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta 125th Street, sanye da shuɗin kayan aikin asibiti, dunduniyar takalminta duk ta cinye. Za ta kai shekara hamsin. A hannunta akwai takardu da suka sha ninki, ta bi su da jan biro. Ban san ta ba, Hausar da take yi a waya ce ta tsayar da ni.

"Yaya Iyatu, sun ba ni! Ni ce sarauniyar, wadda aka yanka wa ɗa a gabanta. Mu goma sha ɗaya fa muka je audition, gwajin 'yan wasa."

Daga maganarta na gane wani tsohon wasan kwaikwayo ne na ramuwar gayya. Sauran matan, in ji ta, ihu suka yi ta yi wa sarkin yaƙin da ya kashe yaron.

"Ni kuwa gaishe shi na yi, Yaya. Na yi masa ban gajiya, na tambayi lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Director, mai shirya wasan, sai da ya ajiye kofinsa."

Ina jin ta daɗe tana gaida masu raina ta a wajen aiki, ba wanda ya taɓa duban idonta.

Jirgi na shigowa ta ɗaga haɓa, ta juyo, ta kama ni ina kallonta. Ta yi murmushi irin na sarauniyar.

"Malam, ina gajiya? Yaya yara?"

Yarana uku. Ban faɗi sunan ko ɗaya ba.