Mai Kwamfutar da Ba Ta Rufuwa

A tashar motocin Argungu da ke Birnin Kebbi, wani mutum yana zaune a kujerar bayan tasi, gwiwoyi a matse, kwamfuta buɗe bisa cinyarsa. Ya tallabe ta da hannu biyu kamar mai ɗauke da kwanon miya cike fal. Zufa na gangarowa daga ƙarƙashin hularsa, ba hannun sharewa.

"Malam, ruhe abin ga mana a samu wuri," in ji direba.

"Ba ta ruhuwa, wata manhaja na sa mata, Linux. In na ruhe, allon sai ya yi baƙi ƙirin. Kwana ukku ina hwama kahin hoto ya dawo."

Na leƙa. Taswirar fadama ce, gona-gona, kowace da sunan mai ita. Ina jin manoman shinkafa ke jiransa can ya nuna wa kowa iyakarsa.

Saura fasinja ɗaya mota ta cika. Yana duban ƙofar tasha, yana duban alamar batir da ta riga ta yi ja. Direba kuwa yana gindin dogonyaro, yana fere rake a tsanake.