Malam Zailani da Karen Jummai

Kullum da hantsi Malam Zailani yakan fito da kekensa daga Kusfa, da wata tsohuwar riga ɗaure a bayan keken. Rigar aikin karnuka ce, ba ya salla da ita. Bana ya yi ritaya daga aikin malamin dabbobi, amma har yanzu duk wanda ƙaramin karensa ya hana unguwa sakat, shi ake aika wa.

Mutanen Gyallesu ba su manta da karen Jummai nas ba. Ɗan mitsitsi ne, da kaɗan ya fi kyanwa. Marigayi mijinta ne ya bar mata shi, kuma shi kaɗai ne abokin zamanta. Sai dai haushi! Ɗan garuwa ya wuce, ya yi. Akuya ta yi tari, ya yi. Mai unguwa ya ce ko kare ya yi shiru, ko ya bar unguwar.

Malam Zailani ya zo, bai ko taɓa karen ba. Ya jawo kujera ya zauna yana kallo. Kare na fara haushi sai ga ƙanzo ya faɗo daga bayan katanga. Ya lamushe, ya ƙara ɗaga murya.

Malam ya zagaya gidan maƙwabciyar, wata tsohuwa, ya yi sallama.

"Inna Barira, ke ce mai ƙanzon nan?"

"Ni ce. Bakinsa nake toshewa, kaina kamar ya tsage."

"Ai lada kike ba shi, Inna. Ni ma da za a riƙa jefo mini ƙanzo, da tuni na fara haushin."

"Kai Zailani, Allah ya shirye ka!"

Daga ranar aka daina jifa, aka daina tsawa, ƙanzo kuma sai in ya yi shiru. Da safe Malam kan ja shi yawo bayan ganuwa har ya gaji.

Kafin damina ta sauka, mai unguwa ya tare Jummai a hanya yana yi mata jajen rabuwa da karenta, ya ɗauka ta fitar da shi. Kare kuwa na kwance a gindin turmi, yana barci.

Malam Zailani, kai ne mai haƙurin da dabba ma ta shaida. Ka taɓa abin da wasu ke ƙyama don kada baiwar Allah ta zauna ita kaɗai. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma masu saurin ɗaukar dutse, mu koyi jawo kujera tukuna.