Tattabarun da suka koma Gyadi-Gyadi

A wani gidan haya a Gyadi-Gyadi, cikin lungun da ke bayan titin Zariya, na haifi yarana uku, a can kuma suka yi wayo. Babban namiji ne. Ɗan fari ne, don haka ba na kama sunansa. Ƙannensa na ce masa Yaya, ni ma sai na bi bakinsu. Mai bi masa mace ce, sai auta, ita ma mace, wadda ta zo bayan mun fara cire rai. Abbansu yana da shagon kayan lantarki a Tarauni, ni kuma ina koyarwa a wata firamare kusa da gida.

Shekarar da Yaya ya gama firamare, ƙanena ya kawo masa tattabaru, mace da namiji, a cikin kwalin da aka yi wa huji-huji. Na yi mita a ranar, na ce tsakar gidan da ko tabarma sai an karkata ta, ina za mu kai tsuntsaye? Ba wanda ya saurare ni. Kafin wani lokaci sun hayayyafa. Yaya ya samo katakai da ragar waya ya haɗa musu ɗaki a jikin katanga, ya jera tsofaffin tukwanen ƙasa a ciki don su yi ƙwai. In na yi shanya, sai in tarar sun yi wa farar rigar makarantar wani ado da kashi. Buhun geron da nake ajiyewa don kunu kuwa kullum ramewa yake, kuma duk gidan ba wanda ya san dalili.

Da ya kai shekara sha biyar sai yaron ya canza mini. Tsayi ya zo masa lokaci guda, wandunansa duk suka ɗage, murya ta buɗe, magana kuma ta ƙafe. In na ce, "Ya makaranta?" sai ya ce, "Lafiya." In na ce, "Me aka koya muku?" sai ya ce, "Ba komai." Shi ke nan ya shige ɗaki. Amma da yamma, ta tagar kicin, nakan ji shi yana hira da tattabarunsa. Yana yi wa wani ƙaton namiji faɗa don ya cika cin zali, yana lallashin wata mai kwanci. Sai in rage wuta in yi tsit ina saurare, don a nan ne kaɗai nake jin muryar ɗana ta yi tsawo.

Ana cikin haka Allah ya nufa muka gama ginin da muka daɗe muna lallaɓawa a Darmanawa. A hutun ƙarshen shekarar karatu muka tashi, damina ta yi nisa. Muna ta fama da gadaje da kwanuka a bayan akori-kura, shi kuwa Yaya ba abin da ya dame shi sai kwandunan da ya zuba tattabarunsa ya rufe da tsohon zanina. Ya kwance ɗakinsu katako bayan katako, ya sake haɗa shi a sabon gida tun kafin ya shimfiɗa katifarsa. Wani dattijo mai kiwo ya gaya masa ya bar su a kulle na wasu makonni har su saba da wurin, in ba haka ba za su gudu.

Auta ba ta san wannan ba, ko kuma an gaya mata ta manta, don lokacin ba ta wuce 'yar nazare ba. Wata rana Yaya ya tafi sallar la'asar, ina ɗaki ina ninke kaya, sai na ji fuka-fukai sun tashi gaba ɗaya. Na fito da gudu na same ta tsaye, hannunta a kan sakata, tana kallon sama tana murna.

"Umma, kuka suke ta yi," ta ce. "Na buɗe musu su sha iska."

Suka yi kewaye a saman unguwar, suka sake yi, sannan suka miƙe suka ɓace.

Da Yaya ya dawo ya ga ƙofar a buɗe, sai ya tsaya cak. Auta ta ga fuskarsa, ta zo ta ɓuya a bayan zanina ta fara kuka. Na shirya tare shi, don na ɗauka zai kai mata hannu. Bai yi ba. Ya ɗauki kwanon abincinsu ya zubar da sauran, ya kife shi, ya shige ɗaki. Da Abbansu ya dawo ya ji labari, ya ce masa, "Yi haƙuri, ranar Lahadi sai mu shiga kasuwa a sayo wasu." Yaya ya ce, "A'a Abba, a bar shi kawai."

Daga ranar gidan ya yi nauyi. Yaya bai ƙara yi wa auta magana ba, ko ta kawo masa ruwa sai ya ce ta ajiye. Sannan ya fara wani abu da ya tayar mana da hankali. Da an yi la'asar sai ya fice, ba ya dawowa sai dab da magariba, ƙafafunsa duk taɓo. Sabuwar unguwa ce, ba mu san yaran cikinta ba, kuma kowace uwa a garin nan ta san abin da ake tsoro ga yaro mai irin waɗannan shekarun. Na fara leƙen idanunsa in ya shigo. Wata rana na kama Abbansu yana shinshina rigar da ya cire. Muka haɗa ido.

Abbansu ya so ya tsare shi da tambaya, na roƙe shi ya bar ni in gwada. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zuba wake a faranti na kira Yaya.

"Zo ka taya ni tsinta, idona ba ya gani sosai yau."

Ya zauna. Muka yi ta tsinta. Na lura tun yana ƙarami, in hannunsa na aiki bakinsa ya fi saki. Can na ce, ba tare da na ɗago ba, "Ina kake zuwa da yamma?"

Ya daɗe yana juya ƙwayar wake ɗaya a tafin hannunsa.

"Suna can, Umma."

"Su wa?"

"Tattabarun. Tsohon gidanmu suka koma. Dukkansu."

Ashe a ƙafa yake takawa har Gyadi-Gyadi kullum, ya tsaya a bakin shagon mai wanki da guga da ke kallon gidan, ya yi ta kallonsu a kan rufi har rana ta yi sanyi, ya juyo. Na ce me ya hana shi yin sallama? Ya ce wasu ne suka shiga gidan, bai san su ba, kuma ba Hausawa ba ne, bai san me zai ce musu ba. Sai hankalina ya kwanta. A zuciyata na ce alhamdulillahi, na sake cewa. A fili kuwa na ce, "Gobe da hantsi ka shirya, tare za mu je."

Washegari muka hau adaidaita sahu. Na ƙwanƙwasa ƙofar da na yi shekaru ina buɗewa da makullina. Wata doguwar mata ta buɗe, da fararen kayan aikin jinya a jikinta, da alama dawowarta ke nan daga babban asibitin da ke kusa. Inyamura ce, amma haihuwar Kano, Hausa a bakinta kamar tawa. Sista kowa ke ce mata a lungun. Ban gama bayani ba ta kalli Yaya ta tafa hannu.

"Ashe kai ne mai su! Kullum ina hango ka wajen mai guga. Na ce yaron nan ko aiken sa aka yi ya manta gidan? Ku shigo, Hajiya, ku shigo."

Tsakar gidan na nan yadda na san shi, sai dai bokitan wasu da igiyar shanyar wasu. A inda ɗakin tattabaru yake a da, an jingina kwalaye da wani tsohon teburi. Wani siririn yaro mai tabarau, sa'an Yaya, ya fito yana kallonmu. Sista ta ce ɗanta ne. Daga Sabon Gari suka taso don ta kusanci wajen aiki, ya baro abokansa duka a can, ya zo nan ya kulle kansa da waya. Rannan kawai sai ga tsuntsaye sun sauka a rufi sun ƙi tafiya, shi ne ya fara fitowa yana ba su abinci.

Yaya bai jira an gama ba. Ya ɗaga kai ya yi wani fito da na daɗe ban ji ba. Sai ga su suna saukowa, wasu a ƙasa, wasu a kan teburin, ƙaton namijin nan mai cin zali ya dira a hannunsa. Ya leƙa kwanon da ke ƙasa ya ga dafaffiyar shinkafa da ɓarɓashin burodi.

"Kai, wannan zai ɓata musu ciki," ya ce wa yaron. "Gero ake ba su, ko dawa."

Ya zura hannu a aljihu ya fito da ƙullin gero a leda. Na gane gerona sarai, na kau da kai.

Sista ta ja ni inuwa ta kawo mini ruwan sanyi da soyayyiyar gyaɗa. Muka zauna muna kallonsu sun durƙusa kai da kai, ɗana yana nuna masa yadda ake gane mace da namiji.

"Naki ma ba ya magana a gida?" ta tambaye ni a hankali.

Na ce, "In ya ce miki lafiya, to hira ta ƙare."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita ta ɗauka nata ne kaɗai aka yi wa wannan ciwon. Muka daɗe muna hirar yara kamar mun shekara da sanin juna.

Da muka tashi tafiya ta ce wa Yaya ya kawo kwando ya kwashe kayansa, ai nasa ne. Na ga fuskar ɗanta ta faɗi, ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau. Yaya ma ya gani. Sai ya ce, "Anti, ko na kwashe su dawowa za su yi, nan suka sani. A bar su a nan ya riƙa kula da su. In sun ƙyanƙyashe sai in riƙa ɗaukar 'yan shila, su ba su san ko'ina ba tukuna." Na tsaya ina kallon yaron nan da nake wa faɗan wanke kwanon da ya ci abinci. Ba ni na gaya masa ya faɗi haka ba, ba kuma Abbansu ba.

A hanyar komawa muka tarar da cunkoso a titin Zariya. Yaya ya buɗe baki ya yi ta zuba. Ya gaya mini wace ce uwar wace, wace ce shaho ya taɓa kai wa hari ta tsira, yadda suke gane gida ko daga ina aka sake su. Daga nan ya gangaro kan wani malaminsu na lissafi, da abokin da suka ɓata da shi tun bara ban sani ba. Mai adaidaita yana ta tsaki yana neman hanya, ni kuwa ina addu'a a raina kada motocin nan su motsa.

Daga nan duk Asabar yana can. Shi da ɗan Sista suka haɗa wa tattabarun sabon ɗaki da katakan da Abbansu ya samo musu. Ranar da ya kawo 'yan shilan farko, ko gashin kirki ba su gama yi ba, ya kira auta ya ɗora mata su a tafin hannu.

"Naki ne," ya ce. "Amma ƙofa, sai na ce a buɗe."

Ta gyaɗa kai da ƙarfi, ta ƙi motsi don kada su faɗi.

Ɗan Sista ya zama ɗan gida. Ya koyi cin tuwo da miyar kuka har yana neman ƙari, yana ce mini Mama. Da Kirsimeti ta zo, Sista ta aiko a kira Yaya ya yanka mata kaji, don ta ce tana so mu ci abincinta hankali kwance. Da Sallah mu ma muka aika musu da namu. Har yau in na tuna matar nan sai na yi mata fatan alheri. Tana iya kore tsuntsayen, tana iya rufe mana ƙofa, ba wanda zai ga laifinta. Na gode wa Allah da ya sa ita ce ta shiga gidan, na kuma gode masa da ya nuna mini halin ɗana tun ina da rai da lafiya.

Yanzu Yaya ya yi nisa da karatu, sai hutu muke ganinsa. Mai bi masa ce ta shiga shekarun shiru. Ta fara rufe ƙofa, ta fara amsa mini da ka. Kwanan baya na ga tana zana fulawa a bayan hannunta da biro, sai na sayo lalle na kwaɓa, na miƙa mata ƙafata na ce ta gwada a kaina. Ta ɓata rai, ta ce ita ba ta iya ba. Amma ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta ce in daina motsi.