Baƙin Hannun Goggo Guizhi

Ku matso kusa da murhu, ku zauna, in ba ku labarin Goggo Guizhi ta garinmu Huairen.

Shekara talatin ta yi a bakin ramin haƙar kwal tana tsince dutse daga cikinsa. Ko ido rufe ka miƙa mata dunƙule, za ta ƙwanƙwasa ta gaya maka halinsa. Mai ruwan ƙasa-ƙasa, ta ce jiƙaƙƙe ne, sai hayaƙi. Mai laushi irin namu yana ɓata hannu, amma nan da nan yake kamawa, harshensa ya tashi. Mai tauri mai ƙyalli kuwa ba ya ɓata hannu, ya fi daɗewa, sai dai ba ya yin harshe, garwashi kawai.

To, mu nan ba a shigo da amarya sai an gina hasumiyar kwal a ƙofar gida, an cinna mata wuta, amarya ta zagaya ta tana ci bal-bal. In wutar ta yi sanyi, shekara goma ana yi wa gidan dariya.

Da ƙanenta Mancang zai aurar da ɗansa, sai ya sauke mota guda ta mai ƙyallin nan daga kudu.

Ta ce, "Wannan ba zai yi harshe ba."

Ya ce, "Haba Yaya! Kin saba da na talakawa ne. Gina kawai."

"To, mai gida. Ko da duwatsu ka ce, sai in gina."

Ta kori kowa, ta wuni tana gini. Ashe cikin hasumiyar duk na rumbunta ta jera, mai laushin, ta bar ƙofofin iska, sannan ta lulluɓe bayan da na ƙanenta.

Washegari da hantsi motar amarya ta shigo layi, aka cinna. Wuta ta yi gurnani, harshe ya wuce katanga! Amarya ta zagaya sau uku, jama'a na ihu.

Mancang ya bugi ƙirji. "Yaya, kin ga aikin mai tsada?"

Sai ta kama kumatunsa da hannu biyu kamar lokacin yana yaro, ta saki. Sai ga shatin yatsu goma baƙi ƙirin a fuskarsa, baƙin ginin jiya! Tsofaffin mahaƙa suka kwashe da dariya, don sun san nasa ba ya shafa baƙi.

Kwana uku garwashin hasumiyar yana jajir, wannan kam aikin kwal ɗin Mancang ne. Har yau suna musu. Ku fa, wutar wa za ku ce amarya ta zagaya?