Kawu Daudu, Wanda Takarda Ta Ce Babu Shi

Kawuna Daudu kurma ne tun haihuwa. Shekara hamsin yana gyaran takalma a kasuwar Batsari, kuma duk ranar kasuwa kuramen Wagini da Darini da Safana a rumfarsa suke haɗuwa. Kowannensu yana da sunan hannu: wannan a taɓa haɓa, wancan a ja layi a kumatu. Kawu ya riƙe sunayen sama da arba'in, har na waɗanda suka rasu kafin a haife ni, da sana'arsu da wadda suka aura. Ba a rubuce suke ko'ina ba, a hannuwansa suke, ga shi ya haura saba'in.

Da na shiga digiri na biyu a fannin tarihi, na ce ai na gama samun abin bincike. Na kai batun wurin malamin da ke duba aikina, wani Dakta Nurain. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Fauziyya, ina takarda? Tarihi ba hirar kasuwa ba ne. Je ki gidan adana takardu a Kaduna, abin da kika samu shi ne batunki."

To, Dakta ya faɗa. Wata biyar ina jigila, ina buɗe fayil ina atishawa. Na san adadin jakunan da aka yi wa allura a ƙasar Katsina, wallahi har na fara jin tausayinsu. A ƙarshe na samu shafi ɗaya tal: wani jami'i ya zagaya ƙauyuka yana ƙirga yara kurame don a sa su makaranta. A gaban Wagini ya rubuta, babu ko ɗaya. Shekarar nan Kawu yana ɗan shida, a Wagini.

Dakta kuwa murna kamar an yi masa haihuwa. "Madalla! Ga batu: rashin kurame a yammacin Katsina."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce na gode, ranka ya daɗe. Na hau mota da kwafin takardar, na nufi gida.

A zaure na tarar da Kawu a kan tabarma. Ashe wata biyu ke nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, Inna mahaifiyata ta hana a gaya mini wai kada a ɓata mini karatu. Na fassara masa takardar da hannu. Ya yi dariya har da hawaye. Da hagu kaɗai ya ba ni labari: ranar da jami'in ya zo, uwarsa ta ji an ce kwashe yara ake yi, ta jefa shi cikin rumbun gero ta rufe. Haka kowace uwa mai ɗa kurma ta yi. Ya wuni a ciki yana tauna gero, shi dai ya zaci wasa ne.

Na zaro waya na kunna kyamara, na ce, "Kawu, sunayen nan fa, daga farko."

Ya gyara zama, fuskarsa ta washe. Sunan farko na wani maƙeri ne, sai da hannu biyu ake yin sa. Ya ɗaga hagu, ya dubi na dama yana jira ya motsa. Ya sake ɗagawa. Sai ya sauke, ya yi mini alamar in kashe wayar.