Sukarin da Kawu Bai Zuba Ba

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da shekarar da wasan talabijin ya raba kawuna da jarkar masallaci ba.

Kawu tsohon direba ne. A Yakasai mun tashi muna jin labarin tseren da ya yi da wani shahararren direba zamanin samartaka, daga Kano zuwa Wudil, kowa da fijonsa. Kwatsam sai aka shirya wasa mai dogon zango a kan rayuwar shahararren nan. Shi aka samo kyakkyawan saurayi ya fito a matsayinsa. Kawu kuwa aka nemo wani ƙato mai jajayen idanu, aka nuna shi yana ɗura wa abokin karawarsa sukari a tanki, kuma duk da haka ya sha kaye. Ba su ambaci sunansa ba, amma har tarinsa sun kwaikwaya.

To, kawu shi ke zuba wa janareton masallacinmu fetur, aikin da yake ji da shi kamar sarauta. Ba a jima ba 'yan kwamiti suka karɓe jarkar, wai don a hutar da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina gani dattijon nan ya kasa cin tuwo.

Da abin ya ishe shi, sai ya tafi Dukawuya ya ɗauko shahararren da kansa a adaidaita sahu, tsoho tukuf yana dogara sanda. Bayan la'asar mutumin ya tsaya gaban jama'a.

"Wallahi babu wani sukari," in ji shi. "Motocinmu duka biyun mutuwa suka yi a hanya, motar shanu ce ta ja mu har Wudil. Tawa aka fara ɗaurewa, shi ya sa na riga shi shiga gari."

Can wani ɗan kwamiti ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki Alhaji, tsufa! Mu fa da idonmu muka gani."

Wani kuma ya shiga yabon halinsa, wai ga mutumin kirki yana rufa wa maƙiyinsa asiri. Aka yi ta rububin ɗaukar hoto da shi, har aka ce kawu ya matsa gefe kada ya fito a ciki. Har Allah ya yi wa kawu rasuwa ba su mayar masa da aikin ba.

Tun ranar na gane, idan wani ya riga ka ba da labarinka, ko da mai shaida ka zo, kai ne baƙo a cikinsa.