Mutumin da Yake Kai Labarin Mutuwa da Ƙafa

Shekara tara ke nan da muka raka Fo Komla makwancinsa a Baguida. Mu mutanen Zongo muka tsaya gefe da hulunanmu, 'yan cocinsu suna waƙoƙinsu da yaren Ewe har aka gama. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in bar shi. Bana na zauna na rubuta, domin ina da laifin da nake so in faɗa, kuma shi ne mutumin da zan fi jin kunyar ya ji.

Ga wanda bai san shi ba, Fo Komla marubucin wasiƙa ne. Teburinsa da tsohuwar tafiretarsa suna jikin shagona na yadi, shekara ashirin da 'yan kai muna raba inuwar rumfa ɗaya. Kirista ne, yana koyar da addini a wani ƙaramin coci a unguwar Tokoin, amma Hausar Zongo ta zauna a bakinsa fiye da ta wasu jikokinmu. Don tsokana ina ce masa Malam Komla, shi kuma ya rama da Fasto Alasan.

A lokacin yawancin mutanenmu ba su karanta Faransanci, don haka duk wasiƙar da ta zo daga Abijan ko Yamai, wurinsa ake kawowa. Ba ya karantawa a fili sai ya bi ta da ido tukuna. In labarin lafiya ne, ya karanta har da daɗa gishiri. In mutuwa ce, sai ya ninke takardar ya ce, "Wannan ba wasiƙar bakin titi ba ce. Je ki gida, ina tafe." Ya rufe tafireta da zane, ya nemo dattijo a dangin ko liman, su taka har gidan. Ba ya buɗe baki sai ya ga an zauna, an kawo ruwa, akwai wanda zai riƙe mutum idan ya zube. Haka ya kai wa Hajiya Rabi mai waina labarin mijinta, ina cikin waɗanda suka raka shi.

Na sha yi masa faɗa cewa yana asarar rabin yini a kan abin da numfashi ɗaya zai isar. Wata rana ya ce mini, "Bon, Fasto, a addininmu mun yarda cewa da Allah ya so magana da mutane, bai tsaya ga aike ba. Da kansa ya zo, ya taka ƙasa, ya gaji, ya zauna a gidajen da ake kuka." Na ce masa wannan kam ba da ni ba, ya san inda muka rabu. Ya yi dariya ya ce bai nemi in yarda ba, so yake in san dalilin da takalminsa ba ya shekara.

Ya ga farkon shigowar wayoyin nan masu shafawa kafin ya rasu. Bai taɓa ce musu kayan Shaiɗan ba, kamar yadda wasu malamanmu da nasu suka yi na ɗan lokaci kafin kowa ya sayi tasa. Abin da yake faɗa ya fi haka ban tsoro. Ya ce duk abin da inji ya nuna za a iya, gobe sai ya zama dole a yi. Ya ce mutane za su daina tambayar ko abu daidai ne, su koma tambayar wa ya riga. Cocinsu ma bai ƙyale ba. Ya yi rigima da su a kan ɗaukar hoton mai kuka a tsakiyar addu'a, har suka ce tsufa ne ya kama shi. Ni ma a raina haka na ce.

Yau ni ne shugaban guruf ɗin unguwarmu a waya. Suna, ɗaurin aure, rasuwa, duk ta bakina suke fita, da saƙon murya, tunda tsofaffi ba su karatu. Har alfahari nake yi cewa ba a riga ni.

Wata takwas da suka wuce, da hantsi, wani direba ya turo mini hoton babbar mota kife a hanyar arewa, da sunan wanda ya mutu a ciki. Sani ne, ɗan Hajiya Rabi, shi kaɗai namijin da take da shi. Na tuna abin da na gaya wa kaina: in ban sa ba wani zai sa, har da hoton, gara ni in faɗa da ladabi. Na danna, na yi salati, na faɗi sunan, na tura. Ban tambayi kowa ko uwar ta ji ba.

Tana bakin tandarta a lokacin. Matar da ke sayar da koko kusa da ita ta buɗe saƙon a fili, kamar yadda suke yi kullum don kowa ya ji. Hajiya Rabi ta ji sunan ɗanta da muryata, tana tsaye, ludayin ƙullu a hannunta, masu saye suna jiran waina. Babu wanda ya zaunar da ita. Daga shagona zuwa wurin nan, tafiyar minti biyar ce.

Na so in ajiye shugabancin. Liman ya ce in na sauka wa zai tara mutane jana'iza, ga shi mu ba ma kwana da gawa, 'yan'uwa kuma sun watsu daga unguwar Cacavéli har bakin teku. Gaskiya ya faɗa. Na so in jefar da wayar, amma ta nan masu sayen yadi suke nemana, ta nan nake ganin fuskar jikokina da ke Turai. Muka kafa doka cewa ba a sanar da rasuwa sai an gaya wa iyali baki da baki. Sati biyu dokar ta yi. Wasu guruf ɗin suna riga mu, mutane suna kirana suna cewa, "Alhaji, ba ka ji ba ne, ko barci kake?" Babu wanda ya tilasta mini komai, amma duk ƙofar da na taɓa sai in same ta a rufe.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yadda na ba Hajiya Rabi haƙuri. Saƙon murya na tura wa 'yarta, na ce a kunna mata. Daga nan na canza hanyar masallaci don kada in bi ta gaban tandar.

Nakan tambayi kaina me Fo Komla zai ce da ya ga Zongo yau. Ina jin ba zai yi wa'azi ba, zai dube ni ne ta saman tabarau, wannan ya isa. Teburinsa yanzu wani ne ke manna wa wayoyi gilashi a kai. Babu wanda ya gaji al'adarsa, ko a cocinsu. Abin da ya rage nasa, in na auna da gaskiya, wannan nauyin ne da ke ƙirjina. Direban da ya turo hoton motar da matasa irinsa suna cin abincinsu lafiya, don ba su taɓa ganin an yi ta wata hanya ba. Ni na gani. Bai bar mini mafita ba, ya bar mini sanin cewa a ɗaure nake, kuma har yau ban yanke ko gode masa zan yi ba.

Ranar Talatar nan bayan la'asar na daure na je gidan Hajiya Rabi. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa. Na ce, "Hajiya, na zo ne a kan abin da na yi."

Ta ce, "Na yafe maka tun ranar, Alhaji. Ba kai ka kashe shi ba. Amma kada ka ga laifina, har yanzu in na ji muryarka gabana faɗuwa yake."

Sai wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na yi kamar ban ji ba. Wayar ta sake yin ƙara. Hajiya Rabi ta dubi aljihun ta ce, "Duba mana. Wata uwar ce ko wata matar."

Na duba. Malam Idi tela ne ya rasu, bayan ya yi sati a asibiti. Saƙon ya ce matarsa ta dawo gida ɗaukar abinci, ba ta sani ba, gidan kuma yana bayan layin su Hajiya. Ban tura wa kowa ba. Na sa takalmi na fita, ina sauri iyakar yadda gwiwar ɗan shekara sittin da huɗu za ta yarda, ina shirya yadda zan fara cewa ta zauna tukuna.

Ina shan kwanar gidan na ji kukanta. Wani ya riga ni, ban ma san ko wane ne ba.